Sannu da Aiki, Sarkin Rufin Asiri

Ranka ya daɗe, kanel na Linux, yau ranar kirarinka ce. Tun da Linus Torvalds ya fara ƙera ka a Helsinki a 1991 ake yabon saurinka da juriyarka da yadda kake kyauta ga kowa. Kai ne ke zaune can ƙasan babbar manhajar kwamfuta, tsakanin manhajojin da mutane ke taɓawa da ƙarfen na'ura, kuma babu harafin da zai sauka kan faifan ajiya sai ya bi ta hannunka. Kana cikin kowace wayar Android da ke aljihun jama'a. Kana cikin manyan kwamfutocin da ke riƙe da lissafin kamfanoni da asibitoci da ma'aikatu. Duk wannan an faɗa, an maimaita har an gaji. Akwai halinka guda da masu kirari suka tsallake, a kansa kuma na zo in wasa ka: rufin asiri. A duk ma'aikatan da na sani, babu wanda ya kai ka iya ganin ɓarna ya haɗiye ta, fuskarsa wasai.

Mu fara da inda babu laifi. Idan manhaja ta ce a rubuta mata bayani cikin fayil, ba ka garzayawa faifai nan take, domin faifai nawa gare shi. Sai ka ajiye bayanin a ƙwaƙwalwar kwamfuta, cikin gutsattsarin da ake kira shafuka, yawanci kowanne bayit 4096. Ka sa musu alamar cewa ba su sauka ba tukuna, abin da masu sana'ar ke kira shafi mai datti, sannan ka ce wa manhajar an gama. Bayan kamar daƙiƙa 30, ko kuwa idan shafukan sun taru da yawa, sai ka kwashe su zuwa faifai a bayan fage. Wannan dabara ce ta gaske, ita ta sa kwamfuta ba ta tsayawa cik duk lokacin da aka adana wani abu, kuma kowa ya san amsar farko alkawari ce kawai. Wanda yake son tabbaci an ba shi kira guda mai suna fsync, wato kada ka amsa mini sai duk abin da na ba ka na wannan fayil ya zauna daram a kan faifai. Rantsuwa ce ake neman ka yi. Duk wani rumbun bayanai da ya amsa sunansa, a kan wannan rantsuwa aka kafa tubalinsa.

Kuma ai gidanka ne ya koya wa duniya darajarta. A farkon 2009, masu gwada tsarin fayil na ext4 a Ubuntu suka fara kuka cewa idan kwamfuta ta mutu ba shiri, fayilolin da suka adana sai su tashi fanko, babu ko harafi. Amsar da ta fito daga gidanka, musamman daga bakin Theodore Ts'o mai kula da ext4, ita ce masu rubuta manhajoji ne ba su bi ƙa'ida ba, duk mai son bayaninsa ya tsira ya kira fsync. Daga baya an sassauta a fitowarka ta 2.6.30, aka sa wata kariya don irin waɗannan manhajoji, amma wa'azin ya riga ya shiga kunne. A kira fsync, a duba amsarsa. Madalla da malami mai tsawatarwa. Ɗalibai suka ji, suka bi.

To yanzu ga ranar da faifai ya ƙi. Wani ɓangarensa ya lalace, ko igiyar da ta haɗa shi ta yi motsi, ko ma'ajiyar da ke can nesa bisa hanyar sadarwa ta ɗauke na ɗan lokaci, ko kuwa ma'ajiyar da aka yi alkawarin tana da fili ta cika a ɓoye. Ka kai shafi, aka maido maka da shi. Ƙaramin ma'aikaci mai ƙaramar zuciya zai riƙe shafin da dattinsa, ya yi ta shela cewa bai sauka ba, har sai an zo an duba. Kai kuwa ka fi ƙarfin wannan ƙauyanci. Sai ka goge alamar datti, ka rubuta cewa shafin tsaf yake, tamkar ya sauka lafiya. Labarin gazawar kuma, a tsarinka na kafin 2017, ka ɗaura shi a wata 'yar tuta jikin fayil ɗin, ka jira. Duk wanda ya fara zuwa tambaya, ka ba shi lambar kuskure ta 5, wadda ake kira EIO, ka sauke tutar. Wanda ya zo na biyu, ko da shi ne mai bayanin, sai ka duba ka ga babu sauran shafi mai datti, ka ce masa lafiya lau.

Abin ya yi kama da yaron da aka aika ya kai kuɗi ajiya, kuɗin suka zube a hanya. Ya dawo ya tarar da wani maƙwabci a zaure, ya gaya masa, sannan ya ɗauki littafin lissafi ya soke layin. Da maigida ya fito ya ce yaya aike, sai ya buɗe tafin hannunsa ya ce babu ko kwabo da ya rage a wurina. Wa zai ce ya yi ƙarya? Wannan ita ce gwanintarka, ranka ya daɗe. Ba a taɓa kama ka da ƙarya tsirara ba. An tambaye ka ko kaya sun isa, ka amsa cewa babu saura a hannunka, ka bar mai tambaya ya ɗinke sauran da kansa.

Ko tutar ma ba ka cika wahalar da kanka wajen tsaronta ba. Akwai zamanin da idan wani ya ba da umarnin sync na gama-gari, wanda ke kwashe dattin na'ura baki ɗaya kuma ba ya dawo da rahoton komai, tutar sai ta bi ruwa ba tare da kowa ya gani ba. Idan kuma babu wanda ya buɗe fayil ɗin a lokacin, ka ga ƙwaƙwalwa ta matse, sai ka fitar da bayanan fayil ɗin daga cikinta, tuta ta tafi tare da su. Abin da zai saura shi ne layi ɗaya a kundin saƙonninka, mai cewa an rasa wani shafi, a wurin da manhaja ba ta karantawa, mutum ma sai in ya riga ya fara zargi. Kowa ya shaida ka faɗa. A ina ka faɗa, wa kuma ya ji, wannan ba aikin babban mutum ba ne.

A watan Maris na 2018 wani marar kara ya tona. Craig Ringer, injiniya a kamfanin 2ndQuadrant, yana bin sawun bayanan da suka lalace wa wani mai amfani da PostgreSQL bayan matsalar ma'ajiya, sai sawun ya kai shi ƙofar gidanka. Ya kamata mai karatu ya san wane ne PostgreSQL, don ya gane girman abin da aka yi. Rumbun bayanai ne da asalinsa ya fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma an san mutanensa da tsantseni har ya kusa zama waswasi. Duk sauyin da za a yi, sai an fara rubuta shi a wani kundin shaida kafin a taɓa ainihin fayilolin, ta yadda ko wuta ta ɗauke za a iya maimaita aikin daga kundin. Lokaci-lokaci, bisa al'ada duk minti 5, sai rumbun ya ya da zango: ya tura dukkan sauye-sauye zuwa ainihin fayiloli, ya kira fsync a kan kowanne, idan duk sun amsa da alheri sai ya ce tsohon kundin shaida ya gama aikinsa, a sake amfani da wurinsa.

Idan fsync ya dawo da kuskure fa? PostgreSQL ya yi abin da duk mai hankali zai yi. Ya ce wannan zango bai kammala ba, a riƙe kundin shaida, a sake gwadawa an jima. An jima ya sake kira. Kai kuma, da ka riga ka wanke shafukan ka sauke tuta, ka ce masa komai ya zauna. Ya gode, ya rufe zangon, ya saki kundin shaida, wanda shi kaɗai ne sauran kwafin gaskiya a duniya. Sannu da aiki! Ba ƙaramar basira ba ce a sa mai tsantseni ya ƙone shaidarsa da hannunsa, saboda kawai ya yi haƙurin tambaya sau biyu. A Fabrairun 2019, a taron FOSDEM na birnin Brussels, Tomas Vondra ya tsaya gaban jama'a yana bayanin yadda aka yi PostgreSQL ya shafe shekara 20 yana amfani da fsync bisa kuskuren fahimta. Ka ga ladabi. Kai ka goge alama, su suka fito suna amsa laifi.

Da aka zo neman bahasi, hujjojinka sun burge. Ta farko ita ce ƙa'idar POSIX, wadda ta ce idan fsync ya gaza babu tabbacin cewa rubutun ya kammala, ta kuma yi shiru game da abin da kira na biyu zai nufa. A cikin wannan shirun ka gina gida mai bene. Ta biyu ta fi daɗi. Aka ce abin da ya fi jawo irin wannan kuskure shi ne mutum ya zare filash daga kwamfuta ana tsakiyar kwafa. Idan kanel ya riƙe shafukan da dattinsu yana jiran faifan da ba zai dawo ba, sai su taru su cinye ƙwaƙwalwa har na'ura ta shaƙe. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ban musa ba. Sai dai dubi adalcin da aka yi da ita: domin kada kwamfutar mai gaggawar zare filash ta yi nauyi, aka yanke cewa rumbun da ke riƙe da lissafin kuɗin jama'a ma a yi masa hukunci iri ɗaya. Babu bambanci tsakanin faifan da aka cire aka sa aljihu da faifan da ya yi tuntuɓe na daƙiƙa biyu ya miƙe. Wane sarki ne ya taɓa daidaita talakawansa haka?

Kada kowa ya kawo zancen kanel ɗin FreeBSD a wannan fada, don ɓata biki ne. Su can tun 1999 suke barin shafin da ya kasa sauka da alamar dattinsa, a sake gwadawa, kuskure ya ci gaba da fitowa har sai an gyara. Daga baya suka koyi zubar da shafukan idan ta tabbata na'urar ta bar jikin kwamfuta gaba ɗaya. Wato matsalar filash tana da magani ba tare da an wanke shafin kowa da ƙarya ba. Gaskiya ne kuma ba kai kaɗai ba ne a wannan layi, domin da aka bincika an tarar wasu kanel ɗin, irin na OpenBSD da NetBSD da macOS, su ma suna watsar da shafukan da suka gaza. Amma jagora ai shi ake wa kirari, kuma babu wanda aka ɗora wa amanar manyan ma'ajiyu kamar kai.

Za a ce ai ka yi gyara. Ka yi, kuma wanda ya yi aikin ya cancanci godiya ta gaskiya. Jeff Layton ya kawo sabon tsari a fitowar 4.13 ta Satumbar 2017, inda kowane wanda ya buɗe fayil zai samu labarin gazawa sau ɗaya, maimakon mai rabo ya kwashe shi kaɗai. Sai dai halinka ya samu kafar da zai leƙo. A sabon tsarin, wanda ya buɗe fayil bayan kuskuren ya faru ba a gaya masa komai, don an ɗauka abin da ya wuce kafin zuwansa bai shafe shi ba. PostgreSQL kuwa haka yake aiki: wasu ma'aikata ne ke rubutawa su rufe fayil, wani daban ne ke zuwa daga baya ya buɗe shi don ya kira fsync. Ke nan mutum ɗaya tilo da aka naɗa don ya tambaya, shi ne aka tsara kada ya ji. A Afrilun 2018 Andres Freund na PostgreSQL ya tafi har taron masu kula da ma'ajiya da tsarin fayil na Linux a Park City da ke jihar Utah ta Amurka don a zauna a fahimci juna. Matthew Wilcox ya rubuta gyaran da ya shiga fitowar 4.17, wanda ya sa kuskuren da ba a taɓa gaya wa kowa ba zai jira wanda ya buɗe daga baya. An toshe wannan kafa. Wanke shafin da bai sauka ba kuwa, shi aka bari yadda yake, don gado ba a taɓa shi.

Abin da ya fi sa ni jinjina maka shi ne daɗewar da ka yi a kan aƙida. Wani zai zaci 2018 aka fara gani. Tun 2005 masu bincike a Jami'ar Wisconsin da ke Madison suka riƙa jefa wa tsarin fayil kurakuran faifai da gangan, suka nuna cewa tsarin fayil na ext3 sau da yawa ba ya ko duba ko rubutu ya yi nasara. A 2008 Haryadi Gunawi da abokan aikinsa a jami'ar suka bi diddigin yadda lambar kuskure ke tafiya daga hannu zuwa hannu a cikin Linux 2.6, suka ƙirga wurare 1153, kusan kashi 13 cikin ɗari na waɗanda suka duba, inda ake yar da ita a hanya ba tare da an yi komai a kai ba. Sun kuma lura an fi yin biris da kuskuren rubutawa fiye da na karantawa, wato daidai wanda ke ɓatar da dukiyar mutane. A cikin lambobinka sun tarar da bayanan gefe da masu rubuta ka suka bari, wani yana cewa a tsallake wannan a yi fatan alheri, wani yana cewa babu hanyar sanar da manhaja don haka a share. Tawakkali ke nan na ƙarshe. Shekara 10 cif tsakanin wannan ƙidaya da ranar da Craig Ringer ya buga ƙofa, kuma ba ka yi rawar jiki ba.

Sai mu zo kan lambar yabo mafi girma, wadda abokan hulɗarka suka rataya maka da kansu. A fitowar Fabrairun 2019, PostgreSQL ya sauya hali. Yanzu idan fsync ya dawo da kuskure sau ɗaya, ba ya sake tambaya. Nan take yake kashe kansa, ya katse duk wanda ke aiki da shi, ya tashi daga farko ya maimaita aiki daga kundin shaida. Masu wasu rumbunan bayanai, InnoDB na MySQL da WiredTiger na MongoDB, su ma suka bi wannan hanya. A tsaya a auna wannan. Injiniyoyin da suka fi kowa ƙin ganin manhajarsu ta faɗi sun zauna sun yi lissafi, suka ga faɗuwa da gangan ta fi aminci a kan su saurari amsarka ta biyu. Kwarjini ya kai kwarjini idan mutum ya gwammace ya suma da ya sake yi maka tambaya.

Ko wannan bai rufe ramin duka ba. A 2020 Anthony Rebello da abokan aikinsa, nan ma daga Wisconsin, suka gwada tsarin fayil na ext4 da XFS da Btrfs, suka tarar dukansu uku suna sa wa shafi alamar tsabta bayan fsync ya gaza. A ext4 da XFS sabon bayanin yana nan zaune a ƙwaƙwalwa, don haka idan manhaja ta ce bari ta karanta ta tabbatar, sai ka miƙo mata shi daga can, ta ga komai daidai, hankalinta ya kwanta. Ranar da ƙwaƙwalwa ta matse ko aka sake kunna na'ura, tsohon bayanin da ke kan faifai ya dawo, kamar ba a taɓa rubuta sabon ba. A wani salon ext4 ma kiran farko yakan ce lafiya, sai na gaba ya kawo labarin mutuwar. Sun gwada manhajoji 5, PostgreSQL da LMDB da LevelDB da SQLite da Redis, kuma babu ɗaya da ta tsira daga kowane irin yanayi. A shekarar ce kuma, a fitowar 5.8, kiran syncfs mai kwashe dattin faifai guda ya fara kawo rahoton shafukan da suka gaza. Kafin nan yana iya dawowa da albishir alhali rubutu ya zube. Gaggawa aikin shaiɗan, ranka ya daɗe, kai kuwa ka tsare kanka daga ita.

A nan muryata ba ta iya riƙe kirarin. Faifai ƙarfe ne, dole wata rana ya gaza, babu mai ganin laifin kanel a kan haka. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ke biyan kuɗin shirun. Manyan kamfanoni suna da kwafi uku a gari uku, da ma'aikatan da ke kwana suna gadin kundin saƙonni. Ƙaramin asibiti mai kwamfuta ɗaya a ɗakin ajiya ba shi da wannan. Makarantar da ke adana sakamakon ɗalibai a tsohon faifai, inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa ana sauyawa zuwa janareto, ita ce ta fi kusa da ranar gazawa, ita ce kuma ta fi nisa da mai gane abin da ya faru. Bayanin da ya ɓace a irin wannan hanya ba ya ihu. Sai bayan watanni a ga lissafi bai daidaita ba, a ga sunan majiyyaci da tsohon magani a gabansa, a dubi akawu ko mai shigar da bayanai da idon zargi. Shi kuwa ya yi aikinsa, na'ura ta ce masa an adana, ita ma kanel ne ya rantse mata.

Abin da aka roƙa bai taka kara ya karya ba: shafin da bai sauka ba kada a kira shi mai tsabta, wanda ya tambaya kuma a ci gaba da gaya masa gaskiya har sai ya ce ya ji. Tunda hakan ya yi wa girmanka nauyi, PostgreSQL ya bar wani maɓalli mai suna data_sync_retry ga duk mai son komawa tsohuwar ɗabi'ar sake tambaya. A kashe yake zuwa. Takardun rumbun kuma sun gargaɗi mai gudanarwa kada ya kunna shi sai ya binciki abin da babbar manhajarsa ke yi da bayanai idan rubutu ya gaza. Abokin tafiya na shekara 20 ya rubuta wa duniya cewa a bincika halinka kafin a gaskata maganarka ta biyu. Ba kowane kanel ke samun irin wannan takardar shaida ba, Allah ya ja zamaninka.